Jirgin Ƙarfe Huɗu da Rabi

Lokacin da na tura ƙofar falon, Abdulbasit ya riga ya cire kawuna goma sha huɗu. Na san adadin ne don a bayyane yake ƙirgawa, kamar mai jan carbi. Yana zaune a kan kujerar roba, ya naɗe hannun riga, ga abin yanke farce a hannunsa na dama. Sai ya tsinto mutum ɗaya daga kan teburin, ɗan mutum-mutumin da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, ya saita wuyansa a bakin ƙarfen, ƙas, ya jefa kan a cikin murfin gwangwanin madara, ya mayar da gangar jikin daidai inda ya ɗauko ta. Wani lokaci kan yakan yi tsalle kamar yadda farce ke yi, sai ya duƙa ya lalubo shi a ƙasa. Aiki mai tsabta yake yi, ba zan hana shi wannan ba.

"Sha biyar," ya ce. "Sannu da zuwa, Yallaɓai."

"Me kake yi haka?"

"Hanya nake buɗe wa mala'ikun rahama."

Abdulbasit ɗan ƙanwar Ɗangoggo ne, yana da shagon yadi a kasuwar Garki, yana kuma ɗan taɓa wa'azi a masallacin layinsu bayan Magariba. Ɗangoggo kuwa maƙwabcina ne, ƙofa da ƙofa, a hawa na biyu na wani tsohon benen ma'aikata a Area 2, shekara ashirin da biyu. A wannan lokacin yana kwance a ɗakin ciki. Ranar Litinin asibiti suka sallamo shi, suka ce a je gida a ci gaba da addu'a, kuma babu wanda ya kai shekara goma a ƙasar nan da bai san fassarar wannan magana ba. Ranar da nake ba da labari Laraba ce, ƙarfe huɗu da minti biyar, na fito daga sallar La'asar ke nan.

Dole in faɗi yadda falon yake, don wanda bai gan shi ba zai zaci ƙari nake yi. Babu kushin, babu talabijin. Tebur ne na katako ya bi bango uku, tsayinsa daidai ƙugu, a kansa kuma tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori ce kamar yadda Ɗangoggo ya san ta yana ɗan shekara goma, lokacin mahaifinsa yana aikin canja wa jirage layi. Ga layin dogo da faɗinsa bai fi yatsa biyu ba, ga tankin ruwa a kan ƙafafu huɗu, ga rumfar gyaɗa da buhunan da ya ɗinka da kansa daga tsohuwar safa, ga bishiyoyin maina na soso. Kan jirgin, baƙi mai jan zane a gefe, a Ingila ya sayo shi da aka tura shi kwas a 1984. Abokan tafiyarsa sun dawo da rediyo da kwat, shi ya dawo da wannan. Taragun ɗaya-ɗaya ya tara su cikin shekaru. Da falon ya yi masa kaɗan sai ya huda bangon ɗakin kwanansa, rami biyu, layin ya shiga ta ɗaya, ya bi wata 'yar kanta a gefen gado, ya fito ta ɗayan.

Mutanen tashar kuwa da hannunsa ya sassaƙa su daga guntayen katako mai taushi, ya yi musu fenti da tsinin allura. Ba mutanen banza ba ne. Duk wanda ya rasu a cikin nasa, sai ya sassaƙa shi ya tsayar a dandamali. Mahaifinsa na can wajen sandar canja layi. Goggon da ta raine shi, wadda sunanta ya manne masa har ya mance da na yanka, tana zaune da ƙwaryar fura. Matarsa Zulai, wadda ta rasu shekara tara da suka wuce, tana tsaye ƙarƙashin agogon tasha riƙe da jaka. Mai rai ɗaya ne a duk tashar, wato ni. Ya yi ni da tabarau, hannu a aljihu, na juya wa layin baya.

"Ai ni ban mutu ba, Manaja," na ce masa ranar da ya nuna mini.

"Ka fi su rashin motsi, Farfesa," ya ce.

Ni ba farfesa ba ne. Mataimakin darakta ne a wata ma'aikata, ina da digiri biyu da baki ɗaya da bai iya yin shiru ba. Shi ma ba manajan tasha ba ne, zanen taswirar hanyoyi ya yi har ya yi ritaya. Haka muka riƙa kiran juna, ni da izgili, shi da haƙuri. Shekara ashirin da biyu ina ce masa wasan yara yake yi, kuma ban taɓa tsayawa a gaban teburin nan fiye da minti biyar ba.

Kullum ƙarfe huɗu da rabi yake tayar da jirgin, don a cewarsa lokacin ne jirgi ke shigowa tasharsu. Ko jirgin gaskiya ya taɓa zuwa a kan lokaci a wancan zamanin, ban sani ba, ba na kuma zato. Amma nasa bai taɓa makara ba. Idan an ɗauke wuta yana da batirin mota a ƙarƙashin tebur. A garin nan da ba a fara taron ƙarfe goma sai sha biyu saura, abu ɗaya na sani mai cika alkawari, shi ne wannan ƙarar siririya da ke ratso bangon ɗakina. Da ita matata take sanin lokacin ɗora tukunya.

Ranar Litinin da aka dawo da shi ya aika 'yarsa Zakiyya ta kira ni. Ita kaɗai ya haifa, tana aiki a wani banki, ta ɗauki hutu ta dawo gidan don jinya. Daga kan gado ya koya mini: ga makunni, ga abin murɗawa, kada in wuce rabi, in ba haka ba taragun za su sauka daga layi a kwanar rumfar gyaɗa. Na yi, jirgi ya shiga ɗaki ya fito. Ranar Talata ma haka. Da na leƙa in yi masa sallama sai ya riƙo hannun rigata.

"Gobe ka ɗauko Zulai daga ƙarƙashin agogo, ka sa ta a buɗaɗɗen taragon nan na ƙarshe," ya ce. "Shekara tara tana tsaye a tasha. Ni ba zan iya fita wajenta ba, ita ta shigo."

Na ce to. Na ma yi wani barkwanci a kan ko ta yanki tikiti. Wannan shi ne kawai abin da mutumin nan ya taɓa roƙona tun da muke.

Don haka da na shiga ranar Laraba na tarar da Abdulbasit a kan aiki, idona ya fara zuwa ƙarƙashin agogo. Zulai tana nan da kanta. Daga ƙarshen rumfar gyaɗa ya faro, yana tahowa a jere, tsakaninsa da ita akwai mutum kamar ashirin. Jirgin yana tsaye a gabanta a bakin dandamali. Taku uku ne tsakanina da ita. Mai hankali zai taka ukun nan, ya ɗauke ta, ya sa a aljihu, sannan ya yi duk maganar da yake so. Ni sai na ajiye jakata na gyara tabarau.

"Wa ya sa ka?" na ce.

"Ba sai an sa ni ba, Yallaɓai. Mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da siffar mai rai. Kawu yana kan gaɓa. A wannan halin ne za mu bar musu ƙofa a rufe? Ban fasa komai ba, ban zubar ba. Kai kawai ake cirewa, in babu kai ya zama kamar itace. Sha shida."

"Ka tambaye shi?"

"Mara lafiya ake tambaya ko a ba shi magani?"

"Zakiyya fa?"

Tana tsaye a ƙofar kicin da kofin kunu, idanunta sun faɗa. Kwana uku ba ta yi barcin kirki ba.

"Baba Uthman, ni ban sani ba," ta ce a hankali, don kada a ji a ciki. "Ya zo ya karanto mini, na ce ya bari tukuna, ya ce babu lokaci. In gaskiya ne fa? In ya cika a haka, daga baya aka ce ni na hana?"

Ta shige ɗakin mahaifinta ta ja ƙofa. Ta bar ni da shi, kuma na ji daɗin hakan, wannan ma sai na faɗa. Na daɗe ina jiran ranar da zan zaunar da Abdulbasit.

Na fara da cewa malamai sun yi saɓani a kan mas'alar. Ya ce ya sani, ya ɗauki wanda ya fi tsira. Ƙas. Na ce abin da aka hana shi ne abin da ake girmamawa har ya kai ga bauta, wa ya taɓa ganin Ɗangoggo ya yi wa mai sayar da rake sujada? Ya ce ba a jira sai an kai can. Ƙas. Na ce ya ciro kuɗin aljihunsa ya duba ko babu fuskokin mutane a jiki, ya ciro katin zaɓensa, ya buɗe wayarsa. Ya ce waɗannan lalura ce, wannan kuwa nishaɗi. Ƙas, ƙas. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Bai ma daina aiki don ya ba ni amsa ba. Ni ne nake zagaya falon ina ɗaga yatsa kamar lauya a gaban alƙali.

Daga nan na jawo abin da na ɗauka shi ne zai kashe maganar.

"An yi rangwame a kan 'yar tsana da kayan wasan yara," na ce. "Ko wannan ma ba ka karanta ba?"

Ya ɗago ya dube ni karon farko.

"Na karanta, Yallaɓai. Kawu yaro ne? Shekararsa saba'in da ɗaya."

"Wasa ne dai, ko wa ke yinsa."

"Haka kake ta faɗa tun ina sakandare. Shi kuma kullum ya ce maka ba wasa ba ne. Wa zan gaskata a cikinku?"

Wannan ta shige ni. Kuma irina, idan magana ta shige shi, ba ya yin shiru, sai ya nemo wadda ta fi ta tsawo. Na dubi silin, na fara bayani a kan bambancin siffa da alama, da yadda abin da bai kai ƙwayar gero ba ba za a ce yana da fuska ba. Jumla ce mai kyau ƙwarai, har yau ina tunawa da ita. Ina tsakiyarta na ji ƙas, da na sauko da idona Abdulbasit yana mayar da wata mata mai koren zane ƙarƙashin agogo, riƙe da jakarta, babu komai a saman kafaɗunta.

"Matarsa ce wannan," na ce. "Zulai ce."

"Allah ya jiƙanta," ya ce. "Ita ma ai ba za ta so ta zama dalilin da za a rufe masa ƙofa ba."

Ban san lokacin da na fizge abin yanke farcen na yi jifa da shi ba. Ya daki bango ya faɗo cikin bishiyoyin soso. Abdulbasit ya miƙe, ya ɗauko shi, ya ƙarasa mutum shidan da suka rage a gabana, ni ma har da ni a ciki. Ya wanke hannu a kicin, ya leƙa ya gai da kawunsa da ladabi, ya ce zai dawo da ruwan addu'a bayan Magariba. Ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyu ya fita.

Na ɗauki murfin da gangar jikin Zulai na sauka ƙasa da gudu wajen Ebenezer. A ƙasanmu yake zaune, gyaran agogo da wayoyi yake yi, yana da ɗan tebur a barandarsa. Ya sa gilashinsa na ido ɗaya, ya zazzage murfin a kan farar takarda. Kawuna suka watsu kamar an zubar da gero, masu hula, masu rawani, masu ɗankwali.

"Wanda ya yi wannan, hannunsa yana steady sha," ya ce. "Wane ne?"

"Bar wannan. Sufa gulu nake so ka sa mini, minti biyar."

"Oga Uthman, gulu ba wahala. Kai ne wahala. Madam yana ɗaura wane kala?"

Na sunkuya a kan takardar. Nawa kan na fara gani, nan take, da ɗan tabarau ɗinsa. Ko daƙiƙa biyu ban yi ba na gane shi. Na Zulai kuwa, matar da na ci tuwonta shekara goma sha uku, wadda siffarta ke tsaye a wuri ɗaya shekara tara ina wucewa ta gabanta, na rasa. Masu ɗankwali sun kai goma sha biyu.

Na buga wa Zakiyya waya ta sauko, ta duba, ta sake dubawa.

"Ban sani ba," ta ce. "Ni ban taɓa tsayawa na kalle su ba. Haushin teburin nan nake ji tun ina ƙarama. Umma a kicin take karɓar baƙi saboda shi." Ta share ido da bakin mayafi. "Abba yana tambaya ƙarfe nawa."

Huɗu da rabi ta riga ta gota. Na nuna wani mai ɗankwali ruwan ɗorawa na ce shi ne. Na faɗa da irin muryar da nake rufe taro da ita a ofis, har ni kaina na yarda. Ebenezer ya ɗauke shi da ɗan hantsakinsa, ya ɗiga gulu da tsinin allura, ya ɗora, ya hura. Wuyan ya ɗan gajarta, amma ya zauna.

Ƙarfe biyar saura minti goma sha ɗaya na sa ta a taragon ƙarshe, na kunna, na murɗa zuwa rabi. Jirgin ya tashi daga gaban agogo, ya wuce mutum arba'in da wani abu da suka tsaya cik babu kawuna, kowa da kayansa a hannu, ya sha kwanar rumfar gyaɗa, ya shige rami. Na ƙirga zuwa takwas kamar yadda ya koya mini, na tsayar. Sannan na shiga ɗakin.

An jingina shi da matasai biyu. Jirgin yana tsaye a kan kantar, daidai kafaɗarsa.

"Minti goma sha tara, Farfesa," ya ce. Muryar ta zama kamar ana jan takarda a kan siminti. "A zamanin Baba da an kira ka ofis."

"An samu matsala a layi."

Ya miƙa hannu a hankali, ya wuce kan jirgin, ya wuce taragon kwal da na fasinja, ya ɗauko ta. Idonsa ya yi rauni, sai ya kawo ta dab da hanci. Ya shafa wuyan da babban yatsa, wajen da gulun ya bushe ya yi ɗan tudu. Ya daɗe a haka.

"Wannan kan Goggo ne," ya ce.

Zakiyya tana tsaye a bayana.

"Zulai ba ta taɓa ɗaura ruwan ɗorawa ba, ta tsane shi. Nata shuɗi ne." Ya ɗan yi wani sauti, ban sani ba ko dariya ce ko tari. "Su biyun nan ko a ɗaki ɗaya ba sa iya zama. Kai ka haɗa su a wuya ɗaya."

"Abba, Yaya Abdulbasit ne ya ce saboda mala'iku," in ji Zakiyya, tana kuka.

"Sauran fa?"

"Duka," na ce.

"Har Baba?"

"Har shi."

Ya rufe ido. Na zaci zai zagi yaron, na ma ƙagu ya zage shi, don in samu wanda zan taya.

"Abdulbasit sona yake yi," ya ce. "Iyakar abin da ya sani ke nan." Ya buɗe ido ya dube ni. "Kai kana ina?"

"Ina nan."

"Kana nan."

"Ina yi masa bayani."

"Na tabbata bayanin ya yi kyau, Farfesa," ya ce. "Je ka kashe wutar. Ka mayar da jirgin tasha tukuna, kada ya kwana a hanya."

Na mayar, na kashe. Na koma wajen Ebenezer muka bi kawunan ɗaya bayan ɗaya da gilashinsa. Akwai ja, akwai kore, akwai fari da ruwan toka. Babu shuɗin ɗankwali ko ɗaya. Na hau sama na bi falon da rarrafe, ni mataimakin darakta, na ɗaga tabarma, na share ƙarƙashin tebur da tafin hannu, na tace ƙurar a kan jarida. Babu.

Washegari na bar ofis tun ƙarfe uku. Huɗu da kwata ina bakin ƙofarsu. Zakiyya ta buɗe kaɗan.

"Ya ce a gaya maka yau babu jirgi."

"In shigo in gaishe shi?"

"Ya ce ya gode."

Huɗu da rabi ta yi ina zaune a falona. Matata ba ta ɗora tukunya ba sai da biyar ta wuce, ta fito tana tambayar ko agogon bango ya lalace.

Ranar Juma'a da hantsi Ɗangoggo ya cika. Ina ɗaura agogo zan fita na ji muryar Zakiyya ta bango, ba ihu ba, salati take maimaitawa. Abdulbasit yana wajen, shi ya yi ta laƙƙana masa kalmar shahada, kuma an ce ya faɗa. Shi ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari a maƙabartar Gudu bayan an sauko daga masallaci, ya karɓe shi ya kwantar. Ya yi kuka na gaske, irin wanda ke girgiza kafaɗa. Na tsaya a bayansa ina neman wani abu na ƙarya a cikin kukan, ban samu ba, wannan ya ƙara mini haushi. A bakin mota ya kama hannuna da hannu biyu.

"Yallaɓai, na san ranka ya ɓaci. Wallahi abin da nake so a yi mini na yi masa. Ka ga yadda ya cika cikin sauƙi?"

Ina da amsa. Ina da amsa guda uku ma, kowace ta fi 'yar'uwarta kaifi. Na zare hannuna na shiga mota.

Da yamma 'yan'uwa suka fara isowa daga Haɗeja, mota biyu, yawanci mata. Gidan bene a Garki ba shi da zaure, ba shi da tsakar gida. Maza aka kafa musu rumfa a wajen ajiye motoci, mata kuwa sai falo, falo kuma tasha ce. Wata dattijuwa ta tsaya a ƙofa ta dubi teburin ta ce, "Yanzu a ina za mu zauna, a kan jirgi?" Ranar Asabar da safe aka kira kafinta. Ya yanka teburin gida huɗu da zarto, aka sauko da shi aka jingina a ƙarƙashin matakala, tankin ruwan yana kallon ƙasa. Mutanen dandamali aka share su da tsintsiya cikin leda. Ramukan bango biyu aka cusa musu tsumma don sauro. Ban ce komai ba. Wasu sun yaba da yadda na yi haƙuri.

Ranar addu'ar uku Zakiyya ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da kwalin taliya a hannu. Jirgin ne a ciki, kan da taragunsa bakwai, da ledar mutanen, da murfin gwangwanin an rufe shi da salatif. A sama, naɗe cikin hankici, ga Zulai da kan Goggo.

"A ƙarƙashin matashinsa na same ta," ta ce.

"Ya ce a ba ni ne?"

Yarinya ce mai gaskiya, kamar uwarta.

"Bai ce komai ba, Baba Uthman. Ni dai ba ni da inda zan kai su."

Kwalin ya kwana huɗu a kan teburin cin abincinmu ban taɓa shi ba, har matata ta ce ko in ɗauke ko ta ɗauke. Ranar Alhamis bayan La'asar na zauna da tsofaffin jaridu ina naɗe taragun ɗaya-ɗaya don in sa a saman kabad. Na naɗe kan jirgin. Na ɗauko na bayansa, taragon kwal, wanda Ɗangoggo ya cika da tsakuwar da ya niƙa ya yi wa baƙin fenti. Da na karkata shi, 'yan tsakuwoyi suka zubo a kan jaridar. Ɗaya a cikinsu ba baƙa ba ce.

Ban buƙaci gilashin Ebenezer ba. Shuɗin ɗankwali ne, an ɗaura shi ya ɗan karkata hagu, har da ɗigon fari biyu a wajen 'yan kunne. Da ya yi tsalle daga bakin ƙarfen, cikin jirgin ya faɗa, don jirgin yana tsaye a gabanta. Ranar Laraba ya shiga ɗakin tare da mu, ya tsaya a kan kanta daidai kafaɗar mutumin, hannunsa ya wuce ta samansa ya je taragon ƙarshe.

Na yago farin gefen jaridar na ɗora shi a kai. Na warware hankicin na tsayar da matar mai koren zane a gefensa, da jakarta. Agogon bango ya nuna huɗu da rabi saura kaɗan. Ta bango ina jin Zakiyya tana jan kujerun roba a inda tashar take, tana jera su ɗaya a kan ɗaya.